Makaɗin da Ya Ɗaga Hannunsa

An yi wani mutum a wani gari da ke gindin dutse, sunansa Irmiya. Manomi ne kamar kowa a garin. Amma ran Lahadi shi ne makaɗin majami'a. Shekara talatin da 'yan kai yana zaune a bayan ganguna, a kusurwar hagu, kusa da taga.

Gangunan irin na Turawa ne, waɗanda mutum ɗaya yake kaɗawa da sanduna biyu da ƙafafunsa. A cikinsu akwai wata 'yar ganga mai zoben ƙarfe a baki, wadda take zama tsakanin gwiwoyin makaɗi. Irmiya ya san bugu uku a kanta. Na fari, ya bugi fata a tsakiya. Wannan kowa ya iya. Na biyu, ya saukar da sanda ta sami fata da baki a lokaci guda, sai ka ji tau! kamar an harba bindigar toka. Wannan shi ake kira harbi, na lokacin rawa ne, sa'ad da zumuntar mata suka taso da guɗa. Na uku kuwa ba kowa ya iya ba. Yakan kwantar da sanda a kan ganga, ya ɗora tafin hannunsa a kan fata ya danne ta, sa'an nan ya ɗaga sandar kaɗan ya sake ta a kan baki. Ƙwas. Ba ƙara, ba amo, kamar baƙo mai kunya a bakin ƙofa. Irmiya ya sa wa wannan bugu suna ƙwanƙwasa.

Matarsa Tabita tana da wata waƙa. Ba a littafi take ba, ita ta yi abarta a bakin murhu. In za ta rera ta a majami'a, ba jita, ba tafi. Irmiya kaɗai zai kwantar da sanda. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙwas. A na huɗu sai ta ja numfashi ta shiga:

Na share ƙofa, na cika randa,
Ya Ubangiji, yaushe za ka biyo ta nan?

Tsofaffi sukan sunkuyar da kai. Jarirai ma sukan yi shiru.

'Ya ɗaya tak Allah ya bar musu, sunanta Bilhatu. Tana da shekara goma sha biyar Allah ya ɗauki Tabita. Yarinyar ta gaji muryar uwarta, ta gaji waƙar. Ita ma sai ta ƙirga huɗu take shiga.

Irmiya ba mugun mutum ba ne. Ku riƙe wannan. Tsoro ne ya kama shi tun ranar da ya dawo daga makabarta. In Bilhatu za ta rijiya, sai ya tambaya. In ta dawo, sai ya tambaya. Da ta sami makarantar koyon jinya a birni ya ce ba za ta ba. Fasto ya roƙe shi, ƙanwarsa Asabe ta roƙe shi, ya sake ta da baki, amma zuciyarsa ba ta sake ta ba. Kullum safiya ya kira ta a waya, kullum yamma ya kira. Ina kike? Da wa kike? Me kika ci?

Ta gama karatu, ta sami aiki a wani asibiti a can. Ya ce ta dawo gida, ga ɗakin shan magani a garinsu.

Ta ce, “Baba, ka bar ni in yi shekara biyu, hannuna ya faɗa.”

Sai ya ƙara yawan kira. Ta fara barin wayar tana kuka har ta gaji. Ya koma aika saƙo ta bakin direbobi. Ta yi shiru. Ran wata Lahadi, a lokacin sanarwa, Irmiya ya tashi daga bayan ganguna ya tsaya a gaban jama'a. Ya ce a yi masa addu'a, gama birni ya cinye 'yarsa, ta manta ubanta, ta manta kabarin uwarta. Kafin rana ta faɗi maganar ta isa birni.

Daga ranar Bilhatu ba ta ƙara taka garin ba. Takan aiko masa da maganin ciwon gwiwa ta hannun gwaggonta Asabe. Ita kam ba ta zuwa. Shekara bakwai.

A cikin shekarun nan Irmiya bai ƙara kwantar da sanda a majami'a ba, domin ba mai rera waƙar. Amma a gona, in ya zauna hutu a gindin ɗorawa, yakan kifa ƙwaryar da ya sha kunu, ya ɗora kara a kai. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙwas. A na huɗu ya dakata. Ba mai shiga. Sai kurciya can a nesa. Ya ɗauki fartanya ya koma aiki. Kowace safiya kuma yakan share ƙofar ɗakin Bilhatu, ya zubar da ruwan jiya daga randarta ya zuba sabo. Ba wanda ya sa shi. Bai taɓa gaya wa kowa ba.

Ana nan, ikilisiyar garin ta cika shekara hamsin, aka sa ranar biki a tsakiyar damina. 'Ya'yan garin da ke birni suka aiko da kyauta tun da wuri: gangunan lantarki. Tsofaffin gangunan aka ba wa wata ƙaramar majami'a a ƙetaren kogi.

Sababbin ba su da fata. Raga ce kamar gidan sauro aka shimfiɗa a fuskarsu, bakinsu kuma an lulluɓe shi da roba. In ka buga babu wuta, ba ka jin komai sai ɗan tas-tas. Kowace tana da waya da ke tafiya zuwa wani ɗan akwati mai maɓallai, shi akwatin ne yake ba da murya ta lasifika.

Irmiya ya zagaya su sau biyu ya ce, “Wannan ba ganga ba ce, rariyar tankaɗe ce.”

Amma da aka kunna janareta ya zauna, ya ga tana amsawa. Ya bugi tsakiya, ta amsa. Ya yi harbi, ta yi tau! har tagogi suka girgiza. Damina ba ta sa ta saki, ba sai an shanya ta a rana ba. Ya yi Lahadi shida a kanta, ya daina gunaguni. Ƙwanƙwasa ce kaɗai bai gwada ba. Ba dalili.

Ran Jumma'ar biki Asabe ta leƙo gidansa ta ce, “Yaya, Bilhatu ta iso. Wurina ta sauka. Fasto ya roƙe ta ta rera waƙar uwarta ran Lahadi, ta ce to. Litinin da safe za ta koma.”

 Da Asabe ta fita, Irmiya ya bi wani jan zakara har bayan rumbu, ya kama shi ya ɗaure a turmi. Ya yi wanka, ya sa rigarsa ta Kirsimeti, ya fito da kujera ya zauna a ƙofar gida.

Da yamma Bilhatu ta zo. Ta zama cikakkiyar mace, tafiyarta irin ta Tabita. Ta durƙusa a waje, nesa da kujerar kaɗan.

“Baba, ina wuni?”

“Lafiya. Kin zo?”

“Na zo.”

Yana da maganganun shekara bakwai da zai faɗa mata. Abin da ya fito shi ne, “Kin rame.”

“Aiki ne, Baba.”

“Ga zakara can na ɗaure. Shiga ki sa ruwa a wuta.”

Ta dubi ƙofar gidan, ta dubi ƙasa. Ta ce, “Gwaggo ta riga ta ɗora tukunya.” Ta yi masa sai gobe, ta tashi. Ba ta shiga ba.

Ya bi ta da ido har ta sha kwana. Ya ce a ransa, ba komai. Gobe akwai gwajin waƙa. In ta ji ƙwanƙwasar nan, za ta tuna.

Ran Asabar da azahar aka taru a majami'a, ruwa yana yayyafi a kan kwano. 'Yan kwaya, wato mawaƙan majami'a, suka gama nasu. Bilhatu ta fito gaba, ta karɓi makirufo, ta tsaya dab da babbar lasifika, ta rufe ido. Irmiya ya kwantar da sanda a kan 'yar gangar. Ya ɗora tafin hannunsa a kan raga ya danne, yadda ya saba tun kafin a haife ta. Ya ɗaga sanda ya sake ta.

Tuf.

Ba ƙwanƙwasa ba ce. Wata murya ce shaƙaƙƙiya, kamar an jefa buhu a ƙasa. Ya sake. Wannan karon ba abin da ya fito sam. Ya sake. Tuf. Wata daga cikin 'yan kwaya ta toshe baki tana dariya. Bilhatu tana tsaye ido a rufe, tana jira ta ƙirga huɗu, ba ta sami ko ɗaya ba.

Zufa ta karyo wa Irmiya. Ya ƙara danne ragar, ya ɗaga sanda sama, ya sauke ta da ƙarfi.

Tau!

Ƙarar ta fashe a kunnen Bilhatu. Ta zabura, makirufo ya faɗi, lasifika ta yi kururuwa.

Irmiya ya daka mata tsawa, “Tsaya inda kike! A sake!”

Ya sake. Tau!

Ta sunkuya ta ɗauki makirufo, ta miƙa wa shugaban kwaya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Baba, bari kawai.” Ta juya wurin Fasto ta ce, “Gobe zan rera ni kaɗai, ba ganga.” Ta yafa gyalenta ta fita cikin yayyafi.

Mutane suka watse ɗaya ɗaya. Irmiya yana zaune, sanduna a cinya. Ya yi tunanin tsohuwar gangarsa a ƙetaren kogi. Amma kogi ya kawo har bakin gonaki, kwana uku ba mai haye shi.

Saura mutum ɗaya a ɗakin, yana naɗe wayoyi. Dogara ne, mai gyaran rediyo, shi yake kula da lasifikun majami'a. Taubashin Irmiya ne, tare suka yi kiwon awaki, don haka ba ya tauna masa magana.

Ya ce, “Kai tsoho, saura kaɗan ka fasa mini lasifika. Farauta ka zo ko sujada?”

Irmiya ya ce, “Kayan banza aka kawo mana. Kurma ce.”

“Kurma? Kunne biyu gare ta. Kai ne mai ɗaya, shi ma ya toshe.”

Dogara ya kwance 'yar gangar ya kifa ta. Ya nuna masa wani ɗan abu kamar kan yatsa a ƙarƙashin raga, a tsakiya. Ya ce wannan kunnen raga ne. Ya nuna masa wani a gefe, ya ce wannan kunnen baki ne. Su biyu suna kai rahoto wurin akwati, akwati kuma ya yanke irin muryar da zai fitar. In raga kaɗai aka taɓa, bugu ne na kullum. In an sami baki da ƙarfi, harbi ne. In baki kaɗai aka taɓa, a hankali, to ita ce ƙwanƙwasa. Ya zare waya ya duba kanta, ya ce lafiyarta lau, ga zobe biyu baƙaƙe, tana ɗaukar saƙon kunnuwan duka. Ya danna maɓallan akwati ya ce ƙwanƙwasar ma a kunne take.

Ya mayar da gangar ya ɗaure ya ce, “Yi in gani.”

Irmiya ya kwantar da sanda, ya danne. Tuf.

“Tsaya. Dubi hannunka.”

“Me ya sami hannuna? Haka ake yi. Shekara talatin haka nake yi.”

“A kan fata. Waccan sai an danne ta take shiru, gaskiyarka. Wannan kuwa duk abin da ya taɓa ta tana ji. Ka danne ta, ka bugi baki, girgizar ta bi sanda ta bi hannunka ta shiga raga. Kunnen ciki ya ce ni aka buga, na baki ya ce a'a, ni ne. Akwati ya rasa na wa zai ɗauka. Da ka ga ba ta amsa ba, me ka yi?”

 Irmiya ya ce, “Na ƙara ƙarfi.”

“Ka ƙara ƙarfi, sarkin ƙarfi. To akwai iyaka a cikin akwatin nan. Ƙasa da ita ƙwanƙwasa, sama da ita harbi. Kana neman ta ƙasa, kana ta hawa sama.”

“To murɗa abin, ka ɗaga iyakar.”

“Zan ɗaga maka kaɗan, don na san hannunka kamar taɓarya yake. Amma ko na kai ta ƙarshe, muddin tafinka yana kan raga ba za ta fito daidai ba. Hannun nan ba ni da maɓallinsa.”

Ya nuna masa. Sanda ta kwanta daga baki zuwa baki kamar gada, kada ta taɓa raga. Hannu ya tsaya a sama, yatsu kaɗai su riƙe sanda.

Irmiya ya gwada. Kafin ya sauke sanda, tafinsa ya riga ya faɗa kan raga da kansa. Ya sake. Ya sake faɗawa.

Ya ce, “In na ɗaga hannu, kuɓuce mini za ta yi.”

Dogara ya ce, “Ina za ta? A ɗaure take. Kai dai riƙe sandarka.”

Irmiya ya ɗaga hannun.  Ya saki sanda a hankali, a hankali ƙwarai, har yana ganin ba za a ji ba.

Ƙwas.

Muryar ta fito ta lasifika, tsab, ta zaga ɗakin da ba kowa. Ita ce. Ita ce ta zamanin Tabita. Irmiya ya sake. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. A na huɗu ya dakata, kamar yadda yake yi a gindin ɗorawa.

Ya zauna yana duban hannunsa da ke tsaye a sama, da ɗan filin da ke tsakaninsa da raga, wanda bai wuce faɗin yatsa biyu ba. Ya tuna waya safe da yamma. Ya tuna direbobi. Ya tuna Lahadin da ya tsaya a gaban jama'a. Ya tuna tsawar da ya daka ɗazu.

Ya ce, “Dogara.”

Dogara bai ɗago daga wayoyinsa ba. Ya ce, “Ni rediyo nake gyarawa. Kada ka tambaye ni abin da ya fi haka.”

Irmiya ya yi ta gwadawa har kafaɗarsa ta yi tsami. Sau goma, uku su ɓaci. Ya ci gaba har man janareta ya ƙare. Rana tana saman dutse tukuna ya koma gida, ya kwance jan zakaran, ya saƙale shi a hammata, ya nufi gidan Asabe. Bai kutsa ciki ba kamar yadda ya saba a gidan ƙanwarsa. Ya tsaya a ƙofa ya yi sallama sau ɗaya, ya jira.

Bilhatu ta fito, hannunta da garin tuwo.

Ya miƙa mata zakaran ya ce, “Naki ne. Ki ci shi a nan.”

Ta karɓa.

Ya ce, “Abin da na faɗa a kanki. Na yi laifi. Ki gafarta mini.”

Ta dubi zakaran. Ta ce, “A gaban jama'a ka faɗa, Baba. Har a asibiti aka tare ni da maganar.”

“A gaban jama'a zan janye, in kin yarda.”

“Yadda ka gani.”

“Waƙar kuma, ki rera yadda kike so. Ba zan taɓa ganga ba sai kin waiwayo ni.”

Bai tsaya jiran amsa ba. Ya juya ya tafi.

Ran Lahadi majami'a ta cika har waje, mutane a tagogi. Aka yi rawa, Irmiya ya yi harbi har tsofaffin mata suka manta ciwon baya. Da lokacin sanarwa ya yi, ya tashi ya tsaya inda ya tsaya a da.

Ya ce, “Shekara bakwai da suka wuce na ce muku birni ya cinye 'yata. Ba gaskiya na faɗa ba. Ni na kore ta da hannuna. Shi ke nan.”

Ya koma ya zauna.

Fasto ya kira Bilhatu. Ta fito, ta riƙe makirufo, ta ba ganguna baya. Ɗaki ya yi tsit. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta ja numfashi, ta sake shi. Tun tana yarinya ba ta taɓa shiga waƙar nan ba sai ta ƙofa ɗaya, wato ƙwanƙwasar ubanta.

Irmiya ya ga kafaɗunta suna rawa. Sanda tana gefensa. Da ya ɗauka ya buga, da ya fitar da ita daga kunya, kowa ma zai ce ya kyauta. Amma ya riga ya yi magana. Ya ɗora hannuwansa a kan gwiwoyinsa ya riƙe su. A duk shekarunsa na noma bai taɓa ɗaukar kaya mai nauyin shirun nan ba. Wani ya yi tari. Wani jariri ya fara kuka aka fita da shi.

Sai ta waiwayo. Kaɗan. Rabin fuska.

Ya ɗauki sanda, ya kwantar da ita daga baki zuwa baki. Hannu a sama.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Ta shiga.

Ba a yi tafi ba da ta gama. Asabe ta rufe fuska da zane. Dogara ya ce wa na kusa da shi hayaƙin janareta ne ya shiga masa ido.

Litinin da safe Bilhatu ta zo gidan ubanta da jakarta. Wannan karon ta shiga. Ta ga ƙofar ɗakinta a share. Ta buɗe randa ta ga ruwa sabo. Ta ɗiba ta sha, ta daɗe da moɗa a hannu. Ya ɗaukar mata jaka har bakin titi. Tambaya ɗaya tana ta yi masa kaikayi a harshe: yaushe za ki dawo? Ya haɗiye ta.

Da mota ta tsaya ta ce, “Baba, kada ka kira ni. Ni zan kira ka.”

Ya ce, “To.”

Litinin ta wuce. Talata. Laraba ya ciro wayar sau ba adadi, ya duba ko ta lalace, ya mayar aljihu. Ran Alhamis yana tsakiyar masara wayar ta yi kuka. Ya goge hannu a riga ya ɗauka. Ta ba shi labarin wata mai haihuwa da suka sha wahala a kanta, da yadda zakaran ya yi tauri. Bai tambaye ta inda take ba. Ya saurara kawai.

Ba ta dawo garin da zama ba. Tana zuwa in ta sami hutu. Shi kuwa har yau yana share ƙofar.

To, ga ma'anar wannan misali.

Ragar nan zuciyar wanda kake ƙauna ce. Tana jin duk abin da ya taɓa ta, har abin da kai ba ka san ka ɗora ba. Tafin hannun Irmiya kuwa tsoro ne. Mu mukan kira shi kulawa, mukan kira shi tarbiyya, amma sau da yawa tsoro ne kawai, kada mu rasa.

Ku lura, danne fata ba laifi ba ne a kan tsohuwar ganga. Can daidai ne. 'Yar shekara biyar dole a riƙe hannunta a bakin rijiya. Laifin Irmiya shi ne, ganga ta sauya, hannunsa bai sauya ba. Iyaye, da ku nake. Akwai waɗanda suke zaune a nan, 'ya'yansu sun yi gemu, sun yi goyo, amma har yanzu tafinsu yana kai. Kana so ka ji murya mai taushi daga wurin ɗanka, ba ka ji ba, sai ka ƙara ƙarfi. Ka kai ƙararsa wurin dangi. Ka kai wurin dattawa. Ka sa shi a addu'a da babbar murya, ba don Allah ya ji ba, don maƙwabta su ji. Akwai iyaka. In ka wuce ta, duk abin da ya fito daga bakinka harbi ne, ko da ƙauna ce ta ɗaga sandar.

Ban ce harbi ba shi da rana ba. Akwai lokacin tsawatarwa. Amma ba da shi ake kiran wanda ya yi nisa ba.

In kuma Allah ya ba ka wani Dogara, wanda zai ce maka dubi hannunka, kada ka ce kayan ne suka lalace. Ka duba.

Ku matasa, kada ku yi murmushi kuna kallon iyayenku. Bilhatu ta waiwaya. Da ta ƙi, da tsohon yana nan zaune da hannu a gwiwa har ya mutu. Wanda aka roƙe shi gafara, nasa aikin ya rage.

Abu na ƙarshe, shi ne babba. Ubangiji ya fi Irmiya marmarin 'ya'yansa. Shi ya yi mu, yana da ikon ya danne mu har mu kasa motsi. Yana da muryar da za ta tsaga dutsen nan da ke bayan gari. Bai yi haka ba. Ya aiko da Ɗansa cikin tawali'u, ya share ƙofa, ya cika randa, yana jira. Wasunku kun yi shekara bakwai ba ku shiga gidansa da zuciya ba, wasu sun fi haka. Kuna cewa shiru ya yi, ya manta da ku. Bai manta ba. Yana zaune a bayanku, sanda tana gefensa.

Ba sai ka juyo gaba ɗaya ba tukuna. Rabin fuska ma ya isa a fara. Ka waiwaya yau, ka kasa kunne, ka ƙirga.